Kwanon da Ya Kwana a Rufe

Akwai wani mutum mai lambu a bakin rafi. Yana shuka albasa da tumatir da alayyafo, yana ba su ruwa da jigo. Mutum ne mai aiki. Ba ya shan giya, ba ya zaman banza a kasuwa, ba a taɓa jin ya ɗaga hannu a kan matarsa ba. A garinsu, in ana maganar ruwa da yadda ake bi da shi, wurinsa ake zuwa. Lambunsa a yanke yake fangali fangali, kowane ɗan fili an kewaye shi da ƙasa domin ya riƙe ruwansa. Tun yana yaro ubansa ya koya masa abu guda: in bakin fangali ya ɓalle, ruwa yana zubewa, ba a ƙara zuba wani. Sai ka datse ruwan daga sama tukuna, ka toshe ɓarakar, ka bar ƙasa ta kama, sa'an nan ka sake shi. Wannan ilimi bai taɓa ba shi kunya ba.

Matarsa kuwa mace ce mai tsabta da kula. Ba ta fashin sujada. Abin da ake koya wa mata a asibiti ranar awon yara, ita ce take riƙe shi a ka, ta zo ta maimaita wa waɗanda ba su je ba. Sai dai tana da hali guda. In ta san tana da gaskiya, ba ta mantawa, ba ta kuma bari a manta.

Suna da ɗa ƙarami, sunansa Habila. Bai daɗe da iya magana sosai ba. Yakan bi ubansa lambu, ya riƙe kara yana korar awaki, awakin ba sa ko kallonsa.

Wata rana yaron ya tashi da gudawa da amai. Ya wuni a haka. Uwar ta tafasa ruwa, ta bari ya huce, ta sa gishiri ɗan kaɗan da sukari yadda aka nuna musu, tana ba shi da cokali. Asibiti yana can gari na gaba, sai an haye rafi, an yi tafiya mai nisa. Da mutumin ya dawo daga lambu rana ta riga ta faɗi. Ya dubi yaron, ya ce gari na wayewa za su kai shi. Matar ta ce to. A kan wannan ba su yi gardama ba. Gardamarsu a kan daren ne, yadda za a yi da yaron kafin gari ya waye.

Mutumin ya ga cokali a hannunta, ya ce, "Me kike ɗura masa?"

Ta ce, "Ruwa ne, maigida. Da gishiri da sukari."

"Tun yaushe?"

"Tun safe."

"Ya tsaya?"

"Bai tsaya ba."

Ya ce, "To, ke da idonki. Kina zubawa ta sama, yana fita ta ƙasa, kina ƙara zubawa. Wa ya taɓa toshe ɓaraka ruwa yana gudu? A datse tukuna. Ciki ya huta zuwa asuba, ya kama."

Ta ce, "Habila ba fangali ba ne."

Ya ce, "Ruwa dai ruwa ne, Maman Habila. Na girme ki a saninsa."

"Abin da ya fita dole a mayar masa. Haka aka ce mana a asibiti."

"Su matan asibitin nan, akwai wadda ta taɓa raya ko tushen albasa guda?"

"Kai fa? Yara nawa ka raya a lambun?"

Maganar ta yi masa zafi. Ya ce, "Ba ni shi."

Ta ce, "Ni na haife shi."

Ya ce, "Ni ma ba tsintarsa na yi a hanya ba."

Ya sunkuya ya ɗauki yaron daga cinyarta, ya nufi ɗakinsa. Ta bi shi har bakin ƙofa tana cewa, "In ka hana shi ruwa zai bushe. Wallahi zai bushe."

Ya ce, "Kin wuni kina naki, bai yi ba. Bari in yi nawa. Je ki kwanta."

Ta tsaya tana kallonsa. Sai ta ce, "To. Ɗanka ne. Gobe dai kada ka ce ban faɗa maka ba."

Ta juya ta tafi. Ta sake tafasa ruwa, ta haɗa shi daidai, ta cika kwano, ta rufe da faifai. Ta shiga da shi ɗakinta, da kwanon da cokalin da ƙullin sukarin, ta ajiye kusa da kanta. Ta ce a ranta, "Zai zo. In ya zo kuwa, sai ya faɗa da bakinsa cewa ni ce da gaskiya."

Mutumin bai runtsa ba. Ya hura garwashi, yana ɗumama tsumma yana ɗora wa yaron a ciki. In yaron ya ɓata shimfiɗa, shi da kansa yake canzawa, ya goge shi, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Ya saɓa shi a kafaɗa yana zagaya ɗaki. Ya yi addu'a, ya sake yi.

Yaron ya ce, "Baba, ruwa."

Ya ce, "Da safe, ɗana. Da safe zan ba ka ka sha har ka ƙoshi."

Can kuma yaron ya ce, "Baba, ruwa."

Ya ce, "Yi haƙuri. Saura kaɗan."

Yana faɗa, hawaye yana zubo masa. Ba mugunta ce ta sa ya hana shi ba. Ya gaskata cewa ceton yaron yake yi.

Tsakanin ɗakinsa da nata tsakar gida ce kawai, ba ta da faɗi. Duk lokacin da yaron ya ce ruwa, uwar tana ji. Ita ma ba ta runtsa ba. Har ta tashi ta ɗauki kwanon ta kai bakin ƙofarta. Sai ta tuna yadda ya ce mata je ki kwanta, kamar yana korar kaza. Ta koma ta ajiye, ta mayar da faifai.

Da dare ya yi nisa, gudawar ta tsaya. Yaron ya daina kiran ruwa. Mutumin ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Ga shi nan. Ta kama." Ya ɗauko fitila domin ya ga ɗansa yana barci.

Ba barci yake yi ba. Idanunsa a buɗe suke, sun faɗa ciki. Bakinsa yana motsi irin na kuka, amma babu murya, babu hawaye. Leɓensa ya bushe ya tsage. Mutumin ya kama fatar cikinsa da yatsu ya saki, fatar ta tsaya a tattare, ba ta koma ba.

Ya san irin wannan kwanciya. Ya sha ganinta a lambu. Shuka in ta yi yaushi, ka ba ta ruwa sai ta miƙe. Amma yaushi yana da iyaka. In ta wuce wurin, ko rafin duka ka juye mata ba za ta tashi ba. A nan ya gane ba kamawa cikin ya yi ba. Abin fitar ne ya ƙare.

Ya fita da sauri ya ƙetare tsakar gida. Da ya isa ƙofar matarsa, sai saurin ya ragu. Ya tsaya a gaban asabari. Ya yi gyaran murya.

Tana zaune a ciki, hannunta a kan faifai. Ta ji tahowarsa.

Ya ce, "Maman Habila."

Shiru.

"Kin yi barci ne?"

Ta ce, "Na yi."

Ya daɗe a tsaye. Maganar da ta kawo shi tana bakinsa, ta ƙi fita. Sai ya ce, "Ina kika ajiye gishiri?"

Ta ce, "Miya za ka yi?"

"Tambayarki nake yi."

"Yana inda yake kullum." Ta jira. Da ta ji bai ƙara kome ba, ta ce, "Ɓarakar ta toshe?"

Ya ce, "Ta toshe."

Ta ce, "Madalla. Ai ka iya."

Bai ce mata yaron ya yi tsanani ba. Da ya faɗa, da ta fito a guje. Ita ma ba ta ce yaya yaron ba. Da ta tambaya, da ya faɗa mata. Ta san ba a tashi tsakar dare neman gishiri a banza. Amma ta ce a ranta, "Ya kusa. Bari ya je ya dawo. In ya dawo zai faɗa."

Mutumin ya tafi madafa yana lalube, gama bai san inda kome yake a wurin ba. Ya sami gishiri. Sukari bai samu ba, yana ɗakin matar. Ya ɗebo ruwa a randa, ya zuba gishiri cike da tafin hannu, yadda yakan zuba wa awaki a ruwan dussa. Ya koma ya tallafi kan yaron ya kafa masa moɗa a baki. Yaron ya haɗiya da ƙishirwa, nan take ya amayar da shi duka, har da ɗan abin da ya rage masa. Uban ya zubar, ya ɗebo ruwa zalla ya kawo. Yaron bai ƙara haɗiya ba.

Uwar ta ji aman. Ta kasa kunne tana jiran takun mijinta ya sake nufo ƙofarta. Bai zo ba. Ta jira kuka, babu. Gidan ya yi tsit. Shirun nan ne ya tashe ta. Ta sure kwanon ta fita ba ko ɗankwali.

Da ta ga yaron a hasken fitila, ta durƙusa. Ta cire faifai, ta ɗebo da cokali ta zuba masa. Ruwan ya gangaro ta gefen baki ya jiƙa hannunta. Ta sake zubawa, ya sake gangarowa.

Ta ce, "Don me ba ka faɗa mini ba?"

Ya ce, "Na zo."

"Gishiri ka tambaye ni!"

"Ke ma ba ki tambaye ni yaron ba."

Ta ɗauki zane ta goya shi, ta ɗaure da majanyi. Mutumin ya ɗauki fitila ya shiga gaba. Ba su jira gari ya waye ba. Suka bi ta gefen lambun, suka haye rafi, suka kama hanyar gari na gaba. Shi yana sauri yana waiwaye, ita tana binsa, hannunta ɗaya a baya tana tallafe da yaron.

Gabas ta fara ja ke nan, sai matar ta tsaya.

Ta ce, "Maigida."

Ya ce, "Taho mana, mun kusa."

Ta ce, "Mu koma."

Ba ta kwance goyon ta duba ba. Mace ta san nauyin ɗanta a bayanta, ta kuma san lokacin da nauyin ya canza. Mutumin ya hure fitila. Suka juya.

A ranar aka binne shi. Mutane suka cika gidan, fasto ya yi addu'a, mata suka yi waƙa. Kowa ya zo sai ya ce kwanansa ne ya ƙare, sai haƙuri. Su biyun suna amsawa, ba wanda ya ɗaga ido ya dubi ɗaya.

Da yamma, bayan an watse, mutumin ya zo ya zauna a ƙasa a bakin ƙofar matarsa. Bai yi gyaran murya ba, bai yi kewaye ba. Ya ce, "Gaskiyarki ce. Ruwan ya kamata a ba shi. Ni ne na yi kuskure."

Ya faɗa duka, bai rage kome ba. Maganar da ta kwana tana jira ke nan, ta kuwa same ta. Ta tashi ta shiga ɗakinsa ta ɗauko kwanon. Ruwan yana nan kusan cike, an haɗa shi daidai, ba abin da ya same shi. Ta kai shi gindin katanga ta zubar.

To, ga ma'anar wannan misali, ku kasa kunne.

Yaron nan shi ne duk abin da Ubangiji ya danƙa a hannun mutum biyu. Da farko 'ya'yanku ne. Bayan su akwai auren kansa, akwai tsohon da kuke jinya tare, akwai ran wani da yake neman fita daga hanya kuna gani. Ba a ba mutum ɗaya ba. An ba ku biyu ne domin in ɗaya ya kauce ɗaya ya tare. Daren kuma shi ne lokacin da aka ba ku. Ba ku kuka yanka shi ba, ba kuwa zai tsaya ku gama fushinku ba.

Mai lambun shi ne mutumin da ya iya abu guda ƙwarai, sai ya ɗauka ya iya kome. Ilimin fangali gaskiya ne a fangali. Ya ɗauko shi ya aza wa cikin yaro. Maza, da ku nake. Don ka iya noma, ko ka iya tuƙi, ko ana tsayar da kai a gaban ikkilisiya ka yi karatu, wannan bai sa ka san abin da matarka ta wuni tana gani ba. Ban ce kuskurensa na fari ne ya fi muni ba. Kowa yana kuskure, shi kuwa da ƙauna ya yi nasa, ya kwana a tsaye da ɗansa a kafaɗa. Zunubinsa yana bakin asabari. Ya riga ya gane, ya ga yaron da idonsa, ƙafarsa ta kawo shi har ƙofa, sai bakinsa ya ce gishiri. Ya gwammace ya je ya yi lalube a madafa da a ji shi yana cewa ban sani ba. Kuna son a ce muku shugaban gida. To, shugabanci ba hana baki faɗin kuskure ba ne. Wanda aka ba shugabanci shi za a fara tambaya.

Yanzu mata. Na san tun ɗazu waɗansunku suna gyaɗa kai, suna cewa ai ita ce da gaskiya. I, ita ce da gaskiya. Daga farko har ƙarshe ba ta faɗi abu guda da ba daidai ba. Ruwan da ta haɗa shi ne maganin. Ina ya kwana? A ɗakinta, a rufe, kusa da kanta. Mai kuskure ya kwana da yaro, mai gaskiya ta kwana da kwano.

Kada wata ta ce mini biyayya ta yi wa mijinta. Na san biyayya, ina kuma koyar da ita, ba zan daina ba. Wannan ba ita ba ce. Da biyayya ce ta kai ta ɗaki, da ya zo ƙofa da ta tashi da rawar jiki. Fushi ne ya kwantar da ita, son a ce ta yi gaskiya ne ya zaunar da ita. Ba wanda ya kulle mata ƙofa. Tana iya ɗaukar tabarma ta shimfiɗa a bakin ɗakinsa ta ce ba za ta gusa ba. Tana iya durƙusawa ta roƙe shi, ba a mutuwa don an durƙusa wa miji. In ya ƙi, akwai maƙwabta, akwai yayansa, akwai gidan fasto. A buga musu ƙofa su tashi. Gara a yi kwana ana zancenki a rijiya da a zo miki gaisuwar mutuwa. Duk ba ta yi ba. Ta ce gobe kada ka ce ban faɗa maka ba, ta tafi. Wannan magana na sha jinta a bakin mata, har da waɗanda suke zaune a layin gaba. Na faɗa masa bai ji ba, na zuba masa ido. Mace tana ganin gida zai rushe, tana jira ya rushe domin a san ta faɗa. Ranar shari'a ba za a tambaye ki ko kin faɗa ba. Za a tambaye ki ina yaron.

Gaskiyar da Ubangiji ya ba ka ba taka ba ce. Ba a ba ka ita domin ka ci gardama da ita ba, an ba ka ne domin wani ya rayu. In ka riƙe ta sai an zo an sunkuyar maka da kai, ka mai da ita kayan ciniki. Ku tuna yadda aka yi da mu. Mai Cetonmu bai zauna a sama yana jira sai mun fara zuwa mun ce mun yi kuskure ba. Muna cikin taurin kanmu ya sauko ya same mu. Da ya jira irin jiran matar nan, da ba ko ɗayanmu a nan.

Abin nan ba a ɗakin aure kaɗai yake ba. Yana cikin ikkilisiya. Yarinya takan daina zuwa sujada, ko saurayi ya fara bin mashaya. Dattawa su ce a bar shi ya ji jiki tukuna, zumuntar mata su ce a je a same shi yau. A yi zama, a tashi ba a shirya ba. Waɗannan su ce tun da ba a ji tamu ba, ba ruwanmu. Waɗancan su gane sun yi kuskure, su ƙi aikowa. Kowa yana jiran kowa. Ran da aka tashi zuwa, sai a tarar ya bar gari. Sa'an nan a zauna a ce Shaiɗan ne. Shaiɗan yana da nasa laifin, amma ba shi ya hana ku tafiya ba.

Masu gaisuwa sun ce kwanan yaron ne ya ƙare. Haka ake faɗa a gidan makoki, ban kuwa hana ba, gama ba a zuwa gidan makoki da tuhuma. Rai a hannun Allah yake, wannan ba shakka. Amma nan ba gidan makoki ba ne, saboda haka zan faɗa muku. Allah ya ba gidan nan ruwa, ya ba su gishiri da sukari, ya ba matar sani, ya ba mijin ƙafar da ta kai shi ƙofa. Me kuma ya rage da bai bayar ba? Kada mu riƙa jingina wa Allah abin da girman kanmu ya yi.

Abu biyu kuma zan ƙara, ba misali ba ne, magana ce a fili. Yaro in yana gudawa ba a hana shi ruwa. A ba shi kaɗan kaɗan, ko yana amayarwa a jira jim kaɗan a sake ba shi, gishirin kuma ɗan kaɗan ne, ba irin na awaki ba. Wadda ba ta iya haɗawa ba ta je asibiti a nuna mata, ta zo ta nuna wa mijinta tun yaro yana lafiya. Na biyu, in yaro ya wuni a haka, kada ku ce sai gobe. Ku kama hanya da sauran rana. A wannan su biyun bakinsu ɗaya ne, su biyun kuwa sun yi kuskure.

Ban ce kada ku yi gardama ba. Miji da mata za su yi, mu ma mun yi. Amma ku yi ta a gefen shimfiɗar mai ciwo, ku biyu, idonku a kansa. Kada ɗaya ya tafi ɗakinsa da rabin maganin. In gari ya waye, yaro ya tashi ya nemi koko, sai ku zauna ku raba wa ya yi gaskiya, in har lokacin kuna da sauran sha'awar rabawa.

Na gama. In akwai wanda ya shigo nan yau ba ya magana da matarsa tun jiya, ga ta can a layin mata. In akwai wadda take jira sai an zo an faɗa mata, ga shi can. Ba sai kun kai gida ba. Ku tashi mu yi addu'a, sa'an nan wanda ya fara isa wurin ɗaya ya fara magana.